Ina Gabas?

Duk wanda ya zauna a Makka ya san yadda garin yake komawa idan mausim, wato taron aikin hajji, ya watse. Alhazai sun kwashe, masu ba da haya sun kulle ɗakuna, manyan motoci sun rage kai-komo a hanyar Jidda, har kana jin takun jaki tun daga ƙarshen layi. A irin wannan lokaci ne, cikin watan Safar, a shekarun da jirgin sama ya fara sauke alhazan Kano a Jidda, Malam Wada mai ruwa ya samu kansa zaune a ƙofar gidansa a unguwar Mansur ba abin yi. Garwayensa biyu suna kife, sandar da yake rataya su a kafaɗa tana jingine da bango. A mausim tun asuba yake sawu daga bazan, inda ake ɗibar ruwa, zuwa gidajen da alhazai suka sauka. Yanzu kafin hantsi ya gama da gidajen da suka rage.

Wada kuwa ba ya cikin mutanen da zama yake karɓa. Da ya kwana biyu ba aiki, sai bakinsa ya karɓi aikin kafaɗarsa. Ya gyara wa maƙwabci ɗaurin akuya, ya gyara wa ladan kiran sallar da ba a tambaye shi ba, in duk suka gudu sai ya dawo kan matarsa Mairama, wadda take suyar ƙosai a bakin zaure. Ita ta fi shekara talatin tana jin wannan baki, ta san inda ake kashe shi.

"Man nan ya yi zafi da yawa," ya ce.

"In ya ƙone ai ka samu na ci, tunda ba mai saye."

Ya buɗe baki zai mayar mata, sai ya ga ta ɗebo ƙullu ta sake shi a gefen kasko, ya zube a kan murhu. Ta lalubi bakin kaskon da bayan ludayi, ta sake ɗebowa kamar ba abin da ya faru. Farar yana ce ta hau idanunta tun bara, kullum tana ƙara kauri. Wada ya ga abin da ya gani, ya mayar da maganarsa ciki.

Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Malam, yanzu a gida kaka ta yi, ko?"

"Ta yi. War haka an fara yankan gero."

"To ina so ka kai ni wurin yarinyar nan."

Bai tambaye ta wace yarinya ba. Saudatu ce, 'yarsu ta fari. Mairama ba ta taɓa kama sunanta ba, da ranta da bayan ranta, saboda kunyar 'yar fari da aka tashe ta da ita a ƙauyensu. Kunyar nan ce ta sa a tsawon shekarun nan ba ta taɓa cewa a kai ta ba. Yau da ta faɗa, Wada ya san ido ne ya kore kunya. Tana so ta ga wurin tun tana iya ganin wani abu.

Sun baro ƙasar Ringim da ƙuruciyarsu, a ƙafa, da niyyar aikin hajji. Suka yi shekaru a Sudan suna tsinkar auduga, a can aka haifi Saudatu. Da suka isa Sawakin, a bakin teku, ba su da takarda, sai suka shiga jirgin wani nakuda, irin masu ƙetarar da mutane a ɓoye. Mutumin ya sauke su a kan farin rairayi gari bai gama wayewa ba, ya nuna musu gaba da hannu, ya ce ga Hijaz nan, su miƙe kawai. Jama'a suka zube suna sujada, tsofaffi suna kuka suna shafa rairayin a fuska. Da rana ta fito sai suka ga ruwa gaba, ruwa baya, ruwa ko'ina. A tsibiri ya jibge su ya gudu, Allah ya isa tsakaninsu da shi.

Dama da zazzaɓi Saudatu ta shiga jirgin, shekarunta uku. Ruwan goransu ya ƙare. Kafin masunta su hango hayaƙin da suka tayar su zo su kwashe su zuwa gaɓa, yarinya ta cika. Wada da kansa ya haƙa mata, da hannu da fasasshen ƙoƙo, Mairama tana kwance ba ta san inda kanta yake ba. A sume aka sa ta a kwale-kwale, don haka ba ta taɓa ganin kabarin ba. Abin da ta sani shi ne abin da Wada yake faɗa duk shekara in lokacin ya zagayo, yana kallon bango kamar da bangon yake: a kan tudu ne, ƙarƙashin wata bishiya mai ƙaya, ita kaɗai ce a tsibirin, ya kuma kafa farin dutse babba a wajen kai. Ko an ɗaure masa ido, in ji shi, zai kai mutum.

"Zan kai ki," ya ce. "Dama me nake yi a nan?"

Ɗansu Idris, wanda aka haifa a Makka, yake kuma aikin gyaran mota, da ya ji sai ya dafe kai.

"Ya abuya, wane bahar, wane teku kuma a shekarun nan naku? Ummi ba ta gani sosai, kai kuma gwiwa ta'aban, ta gaji."

"Gwiwar nan ce ta ɗauko ruwan da aka yi maka wanka da shi har ka yi gemu."

"Wallahi ba raini ba ne. Amma jazira nawa ne, tsibiri nawa ne a bahar? Ka san sunanta?"

"Na san ta."

Idris ya dubi uwarsa, ya ga ta riga ta fara ƙulle yaji a bakin zane, sai ya ce tayyib, shi ke nan. Shi ya samo musu wuri a motar wani abokinsa mai kai buhunan gari Lis, garin masunta da ke kudu, ya dawo da busasshen kifi. Ya shimfiɗa wa uwar bargo a kan buhuna, ya ja direban gefe ya yi ta yi masa kashedi da Larabci.

Hanyar ba hanya ba ce, sawun motocin da suka wuce ne a cikin rairayi. Suka yini suna girgiza, suka kwana a wata rumfar shayi, kashegari suka shiga Lis da warin kifi a hancinsu. Wada ya bi bakin ruwa yana tambaya da Larabcinsa na mai ruwa, wanda ya ishe shi ciniki da faɗa. Aka yi ta tura shi daga wannan zuwa wancan har ya faɗa hannun Abdulƙadir, wani masunci mai furfura a gemu, yana zaune yana ɗinkin koma. Uwarsa Bahaushiya ce, cikin waɗanda aka tsinta a gaɓa kamar su, ta auri masunci ta zauna. Hausarsa tana nan, sai dai ta yi tsatsa, don tun da aka binne uwar bai samu mai yi da shi ba.

Da ya ji labarin sai ya ajiye komar. "Na san jazirar, ya ammi. Ummu Tuyur muke ce mata, uwar tsuntsaye. Ubana yana cikin waɗanda suka ga hayaƙin. Amma yanzu ba kowa can. Da zafi ne mutane suke zama da mata da yara, suna shanya kifi. Yanzu duk sun tashi."

"Ai ba wurin masu rai muka zo ba," in ji Wada.

Da sassafe suka shiga jirgin, ɗan ƙarami mai tafiya da iska. Tun ranar da aka sauke ta a wannan gaɓa Mairama ba ta sake taka jirgi ba. Da ya fara lilo sai ta cafke gefen rigar mijinta.

"Malam, riƙe ni."

"Ashe akwai ranar da za ki nemi taimakona."

"Ba taimako ba ne. In ya kife ne, kada ka tsira kai kaɗai ka je kana ba da labarin ba daidai ba."

Abdulƙadir ya yi dariya har ya saki igiya. Ya ce haka uwarsa take yi wa ubansa, rabon da ya ji irin wannan magana har ya manta. Wada ya riƙe hannunta, bai sake shi ba har suka isa.

Tsibirin ya fito daga ruwa a hankali, fari fat, a shimfiɗe kamar tabarma. Zafin da ya gasa Makka a mausim ya ɗan karye a nan, iska tana kaɗawa mai daɗi. A bakin ruwa ga bukkokin masunta a jere, na kirare da tsohuwar tabarma, ƙofofinsu a buɗe, ba ko kaza. Sandunan shanya suna tsaye ba kifi, murahu sun cika da rairayi, wani ya manta takalmin yaro wari guda a ƙofar bukka. Ƙananan ƙaguwa suka watse a gabansu kowace ta faɗa raminta. Tsuntsaye kuwa ba a magana, wasu a ƙasa, wasu garke-garke a sama suna wucewa.

"Kukan me nake ji haka?" Mairama ta tambaya.

"Tsuntsaye ne, ya hala," in ji Abdulƙadir. "Baƙi ne. Duk shekara war haka suke sauka su huta, su ƙetare."

"Su ƙetare ina?"

"Sudan. Wataƙila har ƙasarku."

"Su dai sun huta," ta ce, "ba ruwansu da nakuda."

Wada bai sa baki ba, abin da ba a saba ba. Tun suna cikin ruwa yake ta duban tudun da ke tsakiyar tsibirin. Tudun yana nan. Bishiya ce babu, ko kututturenta. Sai ya ce wa kansa wataƙila tana ta bayan tudun, ai mutum ba ya tuna komai daidai. Sai ya shiga neman abin da zai ja lokaci.

"A fara cin abinci," ya ce. "Ba a ziyara da yunwa."

"A wane littafin?" in ji Mairama.

"A nawa."

Abdulƙadir ya jefa ƙugiya daga kan wani dutse, kafin Wada ya gama hura wuta ya fito da kifi biyu manya, jajaye. Aka gasa su a kan garwashi. Mairama ta kwance bakin zane ta barbaɗa yaji, Abdulƙadir ya kai loma ɗaya sai hawaye, ya ce yajin ne, kuma ba wanda ya ƙaryata shi. Da suka gama Wada ya ce ai sai a wanke hannu a teku, ya ja ta har bakin ruwa. Ta tattare zane ta sa ƙafa, ruwan ya zo ya lulluɓe mata idon sawu ya koma, yana janye rairayin da ke ƙarƙashinta. Ta yi ƙara ta riƙe shi, sannan ta fashe da dariya irin wadda ya daɗe bai ji ba.

"Ɗumi gare shi! Ni da na ɗauka sanyi ne."

"Wancan karon ba ki tsaya kin gaisa da shi ba."

Ta tsaya a haka, fuskarta a sama, iska tana kaɗa mayafinta. Ya dube ta, tsohuwa mai tabon mai a hannu, ya ji sonta ya cika masa ciki har ya rasa inda zai sa kansa. Ya sunkuya ya tsinto mata wani farin katantanwa ya sa mata a tafi. Ta shafa shi, ta ƙulle a inda yajin ya fita.

"To, Malam," ta ce. "Na ci, na wanke hannu, na yi wasan ruwa. Saura me kuma a littafin naka?"

Ba saura. Ya kama hannunta suka hau tudun, Abdulƙadir yana biye da su.

Abin da ya tarar a sama ya sa ya tsaya cik. Shi kabari ɗaya ya bari a nan, tilo, a fili. Yanzu maƙabarta ce guda. Kaburbura sun fi a ƙirga da kallo ɗaya, manya da ƙanana, kowanne an kewaye shi da fararen duwatsun teku, kowanne da babba a wajen kai. Iska ta binne wasu rabi, wasu ciyawa mai kauri ta hau su. Farin dutsen da ya yi shekaru yana taƙama da shi, ga irinsa nan ko'ina ka juya.

"Ina bishiyar?" ya tambaya.

"Sidira, magaryar nan? An daɗe da sare ta, an yi wuta," in ji Abdulƙadir. "Da can ba a binnewa a nan, gaɓa ake kai mamaci. Da mutane suka ga akwai kabari a tudun, sai wanda ya rasu a lokacin kamun kifi a kawo shi kusa. Yara sun fi yawa. Zafi ba ya barin yara."

"Ashe ita ta kafa unguwar," Mairama ta ce a hankali. "Malam, wanne ne?"

Ya zaunar da ita a kan wani dutse ya ce ta jira. Ya shiga tsakanin kaburburan yana dube-dube. Ya koma bakin tudu ya auno daga inda yake zaton bishiyar take, ya dawo ya sake aunowa daga wani wurin. Ya durƙusa a kan wannan, ya tashi ya koma kan wancan. Ƙananan duk kusan tsayinsu ɗaya. Gumi ya jiƙa masa riga. Can nesa yana ganinta zaune ta miƙe wuya, tana bin farin rigarsa da ɗan ganin da ya rage mata.

A nan ne Shaiɗan ya zo masa da shawara mai sauƙi. Matar nan ba ta gani. Kowanne ya ɗora hannunta a kai, shi ne. Za ta yi addu'arta, ta koma Makka da sanyin zuciya, ba mai sani sai shi da Allah. Ya zaɓi wani ƙarami mai kyakkyawan dutse, ya je ya kamo ta ya kawo ta gabansa.

"Ga shi," ya ce. "Wannan ne, ina jin."

Ba ta durƙusa ba. Ta juyo da fuskarta wajensa.

"Tun da aka kai ni gidanka ban taɓa jin ka ce ina jin ba. Ko hanyar garin da ba ka taɓa zuwa ba, cewa kake ka sani." Ta saki hannunsa. "Kada ka ba ni 'yar wata, Malam. Ita ma uwarta tana nan wani wuri."

Kunya ta rufe shi. Ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Ban gane ba, Mairama," ya ce. "Wallahi ban gane ba."

Ta juya fuskarta wajen kaburburan. Sannan ta gyara mayafi ta ce, "To. Ai tana cikinsu. Mu yi salla mu yi musu addu'a gaba ɗaya." Da ta yi masa faɗa da ya fi masa sauƙi. Muryar da ta yi maganar da ita, ta mai haƙuri da abin da ba yadda za ta yi da shi, ita ta fi yi masa ciwo. Abdulƙadir ya dubi rana, ya ce lallai su yi azahar su kama hanya, don in yamma ta yi iska tana juyawa.

Suka gangara gefen tudun, nesa da kaburburan. Wada ya yi alwala da ruwan teku, ya kawo wa Mairama nata a ƙoƙo. Hankalinsa ba ya jikinsa. Ya shimfiɗa rawaninsa a rairayi, ya ce, "Abdulƙadir, ina gabas?"

Masuncin yana wanke ƙafa, ya nuna masa da haɓa wajen gaɓa, inda duwatsu suka yi shuɗi can nesa. Wada ya juya can, ya daidaita tsayuwa, ya ɗaga hannu zai kabbara.

"La, la, ya ammi! Ba nan ba!" Abdulƙadir ya taso da gudu ya kama kafaɗunsa ya juya shi hagu. "Gibla nan take."

"Kai, wane irin mutum ne kai? Ba yanzu ka ce nan ne gabas ba?"

"Gabas ka tambaya! Gabas inda rana take fitowa, haka uwata ta koya mini. Makka kuwa tana sham, arewa. Mu nan kudu muke da ita."

Ba laifin kowa ba ne a cikinsu. A ƙasar da aka haifi Wada, gabas da alƙibla abu ɗaya ne, kalma ɗaya ce. Yaro yana tashi zai ji an ce ya fuskanci gabas, ko a ce wane ba ya kallon gabas, ana nufin ba ya salla. Wada ya yi shekaru a Makka yana salla ta kowace kusurwa ta Harami, amma bakinsa bai taɓa koyon wata kalmar ba. Ya buɗe baki zai bayyana wa ɗan masunta wannan, da faɗa kamar yadda ya saba, sai wani abu ya faɗo masa a rai.

Ya tuna safiyar da ya yi haƙan. Ba wanda ya tambaya. Ya dubi inda rana ta fito, ya ja layi a ƙasa kamar yadda ya ga ana yi a Ringim, kai a kudu, ƙafa a arewa, ya kwantar da ita a kan damanta tana kallon hantsi.

"Abdulƙadir," ya ce, "mutanenku da ke tudun nan, ina kuke juya fuskarsu?"

"Gibla mana. Ina kuma?"

"Duka?"

"Duka." Sai kuma ya tuna. "Sai ɗaya. Akwai wani ƙarami a tsakiya da ya gitta, kowa ya kwanta haka, shi ya kwanta haka. Tun muna yara muke cewa ko wane jahili ne ya haƙa shi."

"Ni ne jahilin," in ji Wada. "Mairama, tashi!"

Gwiwar da Idris ya raina ita ta hau tudun nan kamar ta saurayi, yana jan matarsa tana cewa ya bi a hankali zai kayar da ita. Yanzu da ya san abin da yake nema, bai sha wahala ba. Ɗazu ma ya wuce ta gefensa, idonsa yana kan duwatsun kai. Ga shi a tsakiyar maƙabartar, ɗan gajere, ya gitta a tsakanin sauran, an bar masa ɗan fili ta kowane gefe. Duwatsun da suka kewaye shi ba nasa ba ne, shi ɗaya ya kafa. Abdulƙadir ya ce matan masunta ne, duk shekara in sun zo sukan gyara shi su yayyafa masa ruwa, suna ce masa kabarin baƙuwa.

"Ga ta," in ji Wada. "Wannan ita ce."

Wannan karon Mairama ba ta tambaye shi komai ba. Ta durƙusa, ta bi duwatsun da tafin hannu ɗaya bayan ɗaya, daga kai har ƙafa, ta kawo idonta kusa har goshinta yana taɓa su. Ba ta daɗe ba ta kai ƙarshe.

"Ashe haka take 'yar ƙarama," ta ce.

Wada yana tsaye a kanta, murnar da ta hau da shi tudun ta fara zubewa. Ya dubi sauran kaburburan, duk sun fuskanci arewa kamar sahun salla, ya dubi na 'yarsa.

"Na juya ta ba daidai ba," ya ce. "Mun taho da ita tun daga Sudan don ta ga Ɗakin Allah, ga shi ko fuskarta ban iya juya mata can ba. Duk shekarun nan kowa yana kallon alƙibla, ita kaɗai na bar ta tana kallon wani wuri."

"Allah ya san niyyarka, ya ammi," in ji Abdulƙadir. Ya ga ba a ji shi ba, sai ya ja da baya ya gangara wajen jirginsa.

Mairama ta ɗago. "Me ke can, inda take kallon?"

Wada ya share ido da hannun riga ya duba. "Ruwa. Bayan ruwan kuma gaɓa, inda masunta suka sauke mu."

"Wato hanyar da muka bi muka tafi."

"Ita ce."

"To, Malam, yarinya 'yar shekara uku, ina kake so ta kalla in ba inda iyayenta suka bi ba?" Ta miƙa masa hannu. "Kai ni ta can."

Ya zagaya da ita ta wajen ƙafa zuwa gefen gabas. Ta zauna a rairayi dab da duwatsun, ta ba teku baya, ta janye mayafin daga fuskarta gaba ɗaya.

"Ke, ga mu," ta ce. "Mun daɗe, ki yi haƙuri. Hanyar ce da nisa."

Sai ta ja gefen rigarsa ƙasa. Wada ya durƙusa, gwiwa tana ƙara, ya zauna kusa da ita. Kabarin gajere ne ƙwarai, sai da suka matsu, kafaɗa ta haɗu da kafaɗa, kafin su biyun suka shiga inda take kallo.